Tsuntsun Wuta a Kan Takarda: Me Ake Saye Idan An Sayi Katin Moltres?

Katin bai kai tafin hannu ba. Faɗinsa milimita 63, tsawonsa 88, gefensa rawaya, cikinsa ja. A sama an rubuta Moltres, kusa da sunan kuma lamba 70, wato yawan dukan da zai iya sha a wasa kafin ya faɗi. A tsakiya akwai hoton tsuntsu mai dogon baki, fukafukansa da tukkunsa da jelarsa duk harsunan wuta ne. Bayan tsuntsun takarda ce mai sheƙi, wadda idan ka karkata ta a hasken taga sai ka ga ƙananan taurari suna motsi. Can ƙasa a kusurwar dama, da rubutun da sai ka matso da ido, akwai 12/62 da ɗan baƙin tauraro, a ɗaya kusurwar kuma sunan wanda ya zana shi, Mitsuhiro Arita. Ya shiga kasuwar Amurka a watan Oktoba na 1999, cikin jerin katunan Pokémon da ake kira Fossil.

Wannan katin na zaɓa in yi magana a kansa, ba na Charizard ko Pikachu, wasu halittun Pokémon da sunayensu suka cika labarai ba, kuma da dalili. Katunan da aka sayar kan ɗaruruwan dubbai ko miliyoyin daloli ba sa nuna yadda kasuwar take, kamar yadda farashin ragon da ya fi kowane tsada a kara ba ya gaya maka nawa talaka zai yi layya. Moltres matsakaicin kati ne: sananne, ana son sa, ba ya da yawa a ƙunshin da ake sayar da katunan a ciki amma kuma ba ƙwaya ɗaya ba ne a duniya. A jikinsa ne mutum zai ga daga ina darajar takarda take fitowa, wa ke ƙayyade ta, da kuma wa ke kwana ciki idan ta faɗi.

Sai an fara da tsuntsun kansa. Pokémon ya fito a Japan ranar 27 ga Fabrairun 1996, a matsayin wasan na'urar hannu ta Game Boy. Satoshi Tajiri ne ya ƙirƙiro shi da kamfaninsa Game Freak, kuma ya ce tunanin ya samo asali ne daga kamun ƙwari da yake yi yana yaro a gefen Tokyo. Halittu 151 ne a wasan farko, Moltres shi ne na 146. Yana cikin tsuntsaye uku da wasan ya ɗauka a matsayin na almara: na ƙanƙara, na tsawa, da na wuta. A Japan sunayensu kai tsaye ne, na wutar ana ce masa Faiya. Da aka zo fassara wasan ga Turawa sai aka liƙa musu ƙidayar Sifaniyanci a ƙarshen suna, uno, dos, tres, aka samu Articuno da Zapdos da Moltres. A cikin wasan ɗaya tak ake samu. Yana tsaye a wani lungu na kogon da ake ratsawa kafin karawar ƙarshe, idan ka kashe shi garin kamawa, shi ke nan, ba wani. Yaron da ya yi wannan wasa a 1998 ya san fargabar tsayawa gaban tsuntsun nan, kuma wannan fargabar tana cikin abin da yake biya yau idan ya sayi katin yana ɗan shekara arba'in.

Amma tsuntsun wuta ya girmi Game Boy da dubban shekaru. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya kawo labarin da ya ji a Masar na wani tsuntsu mai gashi ja da ruwan zinariya da ke zuwa haikalin rana sau ɗaya a shekara 500. Daga baya labarin ya zama na tsuntsun da ke ƙonewa ya tashi daga tokarsa. Larabawa suna da anƙa'u, wadda suke buga misali da ita ga abin da ake jin sunansa ba a ganin sa. Rashawa suna da nasu a tatsuniyoyi. A China akwai fenghuang, wanda Japanawa suka karɓa suka kira shi ho-o, suka ɗora siffarsa a kan rufin haikalin Byodo-in da aka gina a 1053 a Uji, ginin da ke jikin kwabonsu na yen 10. Waɗannan tsuntsaye ba ɗaya ba ne, na China ma ba ya ƙonewa, alama ce ta zaman lafiya da adalcin sarki. Masu Pokémon sun ɗebo daga nan da can. Bayanin da wasan ya yi a kan Moltres ya ce bayyanarsa tana nuna ƙarshen hunturu, kuma idan ya ji rauni yakan tsoma jikinsa a narkakken dutsen da ke aman wuta ya warke. A 1999 sun ƙara wani tsuntsun, Ho-Oh, wanda sunansa ma na Japanawan ne kai tsaye.

Akwai wani abu da ke burge ni a nan. Nintendo, mai ƙera Game Boy, wanda yake ɗaya daga cikin kamfanoni uku da suka mallaki Pokémon, ba da na'ura ya fara ba. An kafa shi a Kyoto a 1889 yana buga katunan karta na gargajiya da ake kira hanafuda, masu hoton furannin watanni goma sha biyu. Kati mafi daraja na watan Disamba a wannan karta yana ɗauke da hoton ho-o. Ke nan sama da shekara ɗari kafin Moltres, gidan ya riga ya saba sayar da tsuntsun almara a kan ɗan kwali.

Wasan katunan Pokémon ya fito a Japan a watan Oktoba na 1996. Kamfanin Wizards of the Coast, wanda ya riga ya yi suna da wasan katunan Magic: The Gathering tun 1993, shi ya samu lasisin buga na Turanci, ya fara a Janairun 1999. Abin ya karɓu har kamfanin kayan wasa na Hasbro ya saye Wizards ɗungurungum a wannan shekarar kan kimanin dala miliyan 325. Mutane da yawa sun manta cewa katin kayan wasa ne da farko, yana da aiki a kan tebur. Kowane ɗan wasa yana zuwa da kati 60, ana ware shida a gefe a matsayin lada, duk wanda ya kayar da halittar abokin karawarsa ya ɗauki ɗaya. Moltres na 1999 yana da hari biyu. Na biyun mai ƙarfi ne, yana yin ɓarnar 80, amma sai ka tara masa katunan makamashin wuta huɗu, sannan a jefa kwabo, idan ya faɗi ta fuskar da ba a so harin ya tafi a banza. Na farkon, wanda sunansa ke nufin gobarar daji, shi ne mai wayo: ba ya taɓa halittar abokin karawa ko kaɗan, sai dai ka ƙona makamashin da ke jikin tsuntsunka, kowane ɗaya ya cinye kati ɗaya daga tarin abokin karawarka. Kuma a dokar wasan, wanda lokacin jan katinsa ya zo bai samu abin ja ba ya faɗi. Masu haƙuri sun gina dabara a kan wannan, su yi ta jan wasa har tarin wancan ya yi ƙasa, sannan su cinna masa wuta. Yau ba a yarda da wannan kati a babbar gasar da kamfanin ke shiryawa ba, domin ana sauya jerin katunan da suka halatta kusan kowace shekara. Amfaninsa a tebur ya ƙare tuntuni, farashinsa kuma sai bayan nan ya tashi.

To daga ina ƙarancin yake fitowa? Mataki na farko kamfani ne ya tsara shi. Ba a sayar da katin shi kaɗai. Ana sayen ƙunshi a rufe, kati 11 a ciki, ɗaya ne kawai daga rukunin masu tauraro, kuma kusan ƙunshi ɗaya cikin uku ne ke zuwa da mai sheƙi. Jerin Fossil yana da masu sheƙi 15. Idan ka lissafa, sai ka buɗe wajen ƙunshi 45 kafin ka sa ran ganin Moltres mai sheƙi, alhali kwali guda ƙunshi 36 yake ɗauka. Akwai kuma Moltres marar sheƙi a jerin, lamba 27, hoto ɗaya, hari ɗaya, aiki ɗaya a wasa, amma darajarsa ba ta kusa da ta ɗan'uwansa. Sannan bugun farko yana ɗauke da ɗan baƙin hatimi mai lamba 1 a ƙasan hoton ta hagu. Da bugun ya ƙare aka ci gaba da buga wasu babu hatimin. Tawadar hatimin nan ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, amma tana ninka farashi.

Mataki na biyu ba kamfani ne ya tsara shi ba, yara ne. An buga katunan 1999 da yawan gaske. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda ya tsira lafiya. Yaran da suka saye su sun ɗaure su da roba, sun cusa su a aljihun wando, sun yi musaya da su a filin makaranta da hannu mai maiƙo, wasu iyaye sun kwashe su sun zubar da aka daina yayi. Takardar mai sheƙi tana karcewa da ɗan abu kaɗan, shuɗin bayan katin yana yin fari a kusurwa da zarar an shafa shi da wani. Saboda haka idan aka ce kati na 1999 yana da tsada, ba hoton ake nufi ba, ana nufin wanda ya shekara ashirin da wani abu ba a yi wasa da shi ba. Wannan yana taɓa ni, domin katin da ya yi aikin da aka yi shi dominsa, wanda yaro ya so har ya tsufa a hannunsa, shi ne kasuwa ta fi rainawa.

A nan ne masu tantancewa suka shigo, kuma a ganina su ne ainihin zuciyar lamarin. Mafi girma a cikinsu shi ne PSA, wanda aka kafa a Amurka a 1991 domin katunan 'yan wasan ƙwallo. Akwai Beckett, akwai CGC. Kana aika musu kati ka biya kuɗi, su duba ko na gaske ne, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin ɗan akwatin roba mai haske da ba a buɗewa sai an fasa, da lambar rajista a sama. Abu huɗu suke dubawa: kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da kuma ko hoton ya zauna daidai a tsakiya. Wannan na ƙarshen ba laifin mai kati ba ne, daga injin yanka yake zuwa. Kana iya buɗe ƙunshi da safar hannu, ka ɗauko kati ba wanda ya taɓa shi, amma rawayan gefen hagu ya fi na dama kauri da abin da bai kai milimita ba, maki 10 ya kuɓuce.

Ka kalli mai shirin aika kati. Ya kashe fanka don kada ƙura ta tashi, ya kunna fitila mai ƙarfi, ya kwantar da katin a kan ƙyalle mai laushi. Yana juya shi a hankali yana neman layin karce a cikin sheƙin, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya bi kusurwa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya kifa shi ya duba ko akwai ɗigon fari a shuɗin baya. Ya zura shi a leda mai laushi, ya zura ledar a wata mai tauri, ya sa tsakanin kwali biyu. Sai jira, wani lokacin na watanni. Abin da zai dawo masa lamba ce guda. Tsakanin 9 da 10 ido ba ya ganin bambanci daga nisan kamu ɗaya, amma a tsohon kati irin wannan farashin 10 yana iya ninka na 9 sau da yawa, na 9 kuma ya ninka na wanda aka yi wasa da shi. Moltres ɗaya ne, wani ana sayen sa da kuɗin cin abincin rana a Amurka, wani sai an yi gwanjo.

Dole a yi wa tsarin adalci. Kafin zuwansa, sayen kati daga wanda ba ka gani ba ta intanet cinikin biri a sama ne. Mai sayarwa ya ce sabo fil, kaya su iso a lanƙwashe. Makin ya ba mutanen da ba su san juna ba harshe ɗaya, kuma kamfanonin suna wallafa adadin kowane kati da suka ba kowane maki, don haka mai saye yana iya ganin ko abin da ake ce masa ba shi da yawa da gaske ne. Amma mai ba da makin ɗan Adam ne, yana gajiya, yana da ranar da idonsa ya fi tsanani. Sanannen abu ne a wannan harka mutum ya fasa akwatin da aka ba shi 9 ya sake aikawa, ya dawo da 10. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar hukunci ce, ba awo ba. Yana kuma ɓata ƙididdigar, tunda kati ɗaya na iya shiga rajista sau biyu ko uku. Sannan kuɗin tantancewa yana ƙaruwa da darajar katin, kamfanin gwanjo yana cire la'adarsa a kowane ciniki. Ko farashi ya hau ko ya sauka, waɗannan sun riga sun karɓi nasu.

Shekarar 2020 ce ta juya komai. Korona ta kulle mutane a gida, yaran 1999 sun zama magidanta masu albashi, wasu suka hau ɗakin ajiyar iyayensu suka sauko da tsofaffin kwalaye. Masu tashe a YouTube suka fara buɗe tsofaffin ƙunshi kai tsaye gaban miliyoyin masu kallo. A Yulin 2021 ɗaya daga cikinsu, Logan Paul, ya mallaki katin Pikachu Illustrator mai maki 10, wanda aka raba wa waɗanda suka ci gasar zane ta wata mujallar Japan a ƙarshen shekarun 1990, a cinikin da aka ƙiyasta kan dala 5,275,000. A Maris na 2022 an sayar da Charizard bugun farko mai maki 10 kan dala 420,000. Katunan da suka yi wa PSA yawa sun sa ya dakatar da karɓar yawancin aiki a ƙarshen Maris na 2021. A watan Mayun wannan shekarar kantunan Target suka daina sayar da katunan Pokémon da na wasanni a cikin shagunansu na wani lokaci, bayan rigimar da aka yi kan kati a wurin ajiye motoci na wani reshensu a jihar Wisconsin har aka zaro bindiga. A 2023 gidan tarihin Van Gogh da ke Amsterdam ya fara raba katin Pikachu na musamman ga baƙi, 'yan sari suka yi masa dirar mikiya, cikin 'yan makonni ya daina rabawa saboda tsaron ma'aikata da maziyarta.

Duk inda kuɗi ya taru haka, jabu zai biyo. Katin gaske takarda biyu ce aka manne da siririn baƙin layi a tsakani, wanda ke hana haske ratsawa. Na jabu sau da yawa haske yana wuce shi, rubutunsa ya ɗan kauce, shuɗin bayansa ya yi fari-fari ko ya yi duhu, sheƙinsa ya bazu ko'ina. Waɗannan masu sauƙin kamawa ne. Masu wuyar su ne hatimin bugun farko da aka buga daga baya a kan katin gaske, gefen da aka aske da reza don ya yi kaifi, da akwatin roba na bogi mai ɗauke da lambar rajistar wani katin. Akwai kuma tsohuwar dabarar sikeli: ƙunshin da ke da kati mai sheƙi ya fi sauran nauyi da ɗan abu kaɗan, sai mai sayarwa ya auna, ya ɓoye masu nauyin, ya sayar wa jama'a marasa nauyi a matsayin sa'a. Logan Paul ɗin nan da kansa ya biya dala miliyan 3.5 kan wasu kwalaye da aka ce bugun farko ne a rufe, har da shaidar masu tantancewa. Da aka buɗe su a Janairun 2022 sai aka tarar da katunan G.I. Joe a ciki, waɗanda ba su da alaƙa da Pokémon. Idan mai irin wannan kuɗi da mashawarta ya yi wa rogo kallon kitse, ina ga wanda ya ga hoto a waya ya tura kuɗi?

Yanzu ga inda nake ganin mutane suka fi ruɗuwa. Ganin abin da tsofaffin katuna suka zama, sai jama'a suka ɗauka sababbin ma haka za su yi. Moltres bai daina fitowa ba. Ya fito a katunan da aka raba a gidajen sinima a Amurka a 2000 lokacin fim na biyu na Pokémon, ya fito a jerin Gym Heroes a wannan shekarar, ya fito a 2019 a kati ɗaya tare da 'yan'uwansa biyu, a 2020 wasan ya kawo wani nau'insa baƙi mai jan harshen wuta, wanda katinsa ya biyo baya a 2021. Wasu daga cikin sababbin zanen sun fi na 1999 kyau nesa ba kusa ba, wannan ba na musu. Amma lissafin ya sauya. Kamfanin Pokémon ya ce zuwa Maris na 2022 an buga kati sama da biliyan 43 tun farkon wasan, zuwa Maris na 2024 adadin ya haura biliyan 64.8, kuma kusan biliyan 12 daga ciki a shekara ɗaya aka buga su. Wato cikin shekara biyu an buga kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka taɓa bugawa zuwa lokacin. Kuma waɗannan ba sa shiga aljihun wando. Daga ƙunshi sai leda, daga leda sai wurin masu maki. Abin da ya sa na 1999 ya yi ƙaranci shi ne ba wanda ya san zai yi daraja. Abin da kowa ke adanawa ba ya ƙaranci ta wannan hanyar.

An taɓa ganin irin wannan. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 1990, Amurkawa sun ga tsofaffin katunan 'yan wasan ƙwallon sanda sun yi tsada, suka riƙa sayen sababbi kwali-kwali suna ɓoyewa don 'ya'yansu. Kamfanoni suka buga iya abin da kasuwa za ta ɗauka. Yau yawancin katunan wancan zamani ba su kai kuɗin kwalin da aka ajiye su a ciki ba. Ko tsofaffin katunan Pokémon ma, da yawa sun sauko sosai bayan tashin 2021 kafin kasuwar ta sake zafi. Kati ba gona ba ne, ba ya ba da amfani, ba gida ba ne da za a karɓi haya. Ribarsa ɗaya ce, wani ya zo daga baya ya biya fiye da abin da ka biya.

Sai tambayar da na san mai karatu ya riga ya yi a ransa: wannan ba caca ba ce? Ba yau aka fara yin ta ba, kuma ba a wuri ɗaya ba. Tun 1999 makarantu da dama a Amurka da Ingila suka hana shigowa da katunan saboda faɗa da cutar ƙanana a musaya. A wannan shekarar wasu iyaye suka kai ƙara a Kaliforniya suna cewa ƙunshin rufe caca ce da aka yi wa ado. A 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yi watsi da ire-iren waɗannan ƙararraki, bisa hujjar cewa mai saye ya samu abin da ya biya kuɗi a kai, wato katuna da kuma damar samun mai tsada. A Saudiyya kuwa, a 2001 hukumar fatawa ta haramta wasan, kuma caca na cikin dalilan da ta kawo, tare da batun rikiɗar halittu da wasu alamomi da ke jikin katunan.

Ni a nawa ganin, sai an raba abu uku da ake cakuɗawa. Wasan a kan tebur wasan lissafi ne da tsari, yaro yana koyon karatu da ƙidaya da haƙurin faɗuwa. Sayen kati sananne, ka gan shi, ka san makinsa, ka yarda da farashinsa, ciniki ne irin na mai tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki, ko da wani zai ce ɓarnar dukiya ce. Amma ƙunshin rufe, wanda ake biyan kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, da fatan abin da zai fito ya ninka abin da aka kashe, wannan yana da kamannin abin da malaman fiƙihu ke kira garari, kuma hujjar kotun Amurka ba ta kawar da wannan kamannin ba, ta dai ce ba a yi wa mai saye asarar da doka za ta biya ba. Abin ya ƙara tsanani da aka koma buɗe ƙunshi kai tsaye a bidiyo, mutane suna sayen gurbi, ana ihu idan mai tsada ya fito, ba a nuna ɗaruruwan da suka tashi hannu rabbana. A Oktoban 2024 kuma aka saki manhajar waya ta Pokémon TCG Pocket, inda ake yage ƙunshi da yatsa a kan gilashi, kyauta sau biyu a rana, ƙari kuma da kuɗi. Moltres yana cikin katunan da aka fi amfani da su a farkon wannan manhaja. A nan babu takarda ma balle kusurwa ko gefe, jin daɗin yagewar ne kawai ya rage, kuma wannan yana isa wayar kowane yaro a ko'ina yake.

Wanda nake tausaya wa a duk wannan shi ne ɗan shekara tara da aka yi abin dominsa. A lokutan da kasuwa ta yi zafi, manya suna kwana a layi gaban kanti, suna sa manhajojin saye ta atomatik su kwashe kayan intanet cikin daƙiƙu, su dawo su sayar ninki biyu. Kantuna suka koma ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, a Japan har ƙuri'a ake yi kafin a ba mutum damar sayen kwali. Yaron da ya samu kati mai sheƙi yau, abu na farko da ake koya masa shi ne kada ya taɓa fuskarsa, na biyu a duba nawa yake a waya. Arita, wanda ya zana Moltres na 1999 da Charizard ɗin da aka sayar kan dala 420,000, har yanzu yana zana wa wasan katuna, sunansa na nan a ƙasan kowane ɗaya da ƙananan haruffa. A kan akwatin robar kuwa, abin da aka rubuta da girma shi ne shekara, sunan jeri, da maki.